Yadda Ake Kafa Majalisar Rubutu ga Masu Raunin Ƙwaƙwalwa

Idan aka sallamo mutum daga Asibitin Malam ko na Murtala a Kano bayan hatsarin mota, ko bayan shanyewar ɓarin jiki, makonnin farko gida ba ya rabuwa da 'yan dubiya. Kafin wata uku ƙafa ta ɗauke. Abokan kasuwa sun koma harkokinsu. Majalisar ƙofar gida ta yi masa sauri, domin kafin ya lalubo kalmar da yake nema hira ta wuce wani zancen. Mutanen gida kuma, don tausayi, sun fara amsa tambaya a madadinsa. A hankali sai mutumin da ya riƙe gida shekara talatin ya koma wanda ake magana a kansa yana zaune. Majalisar rubutu hanya ce ta mayar masa da bakinsa da abokan zama, kuma ba ta bukatar kuɗi mai yawa, sai dai tana bukatar tsari.

A fara da faɗa wa iyalai gaskiya. Rubutu ba ya mayar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya lalace, ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na farfaɗiya, ba ya hana zuwa gashin ƙashi. Binciken da aka fi ambatawa a wannan fage shi ne na James Pennebaker a Amurka a 1986, inda ɗalibai suka yi rubutun minti 15 kwana huɗu a jere a kan abin da ya taɓa zuciyarsu, daga baya aka ga zuwansu asibiti ya ragu. Amma ɗaliban nan lafiyayyu ne, kuma da yawansu sun tashi daga rubutun da baƙin ciki kafin sauƙin ya biyo baya. Don haka duk wanda ya ɗauki wannan tsarin kai tsaye ya ce wa mai raunin ƙwaƙwalwa “rubuta mana ranar hatsarinka” ya ɗauko aikin ta wutsiya.

Su wa za a tara, kuma a ina

Mutum shida ya isa, kada a wuce takwas. Idan suka fi haka, jiran layi kaɗai zai cinye hankalinsu. A ware ta maza daban, ta mata daban, kowace da jagora daga jinsinta, saboda abin da za a faɗa a ciki ya shafi aure da banɗaki da rashin abin hannu. Sanadin raunin ba ya raba su: wanda ya faɗo daga babur, wanda jini ya buge, wadda jijjigar haihuwa ta taɓa, saurayi mai sikila, wanda ya tashi daga sanƙarau, duk za su zauna tare. Abin dubawa shi ne ko mutum zai iya zama minti 20 yana bin magana, kuma likitansa ya yarda ya fita. Wanda har yanzu bai gane inda yake ba, ko yana ruɗa dare da rana, lokacinsa bai yi ba tukuna.

Kafin zaman farko jagora ya ziyarci kowa a gida. Ya tambayi wane hannu ne ke aiki, boko ya fi sani ko ajami, yana farfaɗiya ko ba ya yi, yana ƙwarewa idan ya sha ruwa, yana da ciwon suga, wace sana'a ya yi. Shi za a tambaya, ido cikin ido, da girman da ya saba samu: “Alhaji, da wane hannu kuka fi jin daɗin riƙe biro yanzu?” Idan ɗansa ya yi caraf ya amsa, a gode masa, a sake mayar da tambayar ga mai ita.

Wuri ya fi komai wahalar samu a Kano saboda hayaniya. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ba ta iya tace sauti, ƙarar janareto da injin markaɗe da hon ɗin adaidaita sahu duk suna shiga kanta da ƙarfi ɗaya da muryar mai magana. Ajin Islamiyya ranar Alhamis, ko ajin firamare ranar Asabar, ko zauren da ke cikin lungu nesa da titi, duk sun yi. A duba dokin ƙofa ko keken guragu zai haye shi. A samo kujeru masu jingina da hannu, domin mai shanyewar ɓari ba ya iya tashi daga tabarma, benci kuma yana iya karkatar da shi. A leƙa banɗakin ma: wanda ƙafarsa ɗaya ba ta ɗaukarsa ba zai iya tsuguno ba, kuma kunyar faɗin haka kaɗai ta isa ta hana shi dawowa.

Lokaci daga ƙarfe 10 zuwa 11:30 na safe, rana ɗaya a mako, ba a canza ranar, ba a canza kujerar kowa. Bayan azahar yawancinsu ƙarfi ya ƙare. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, a matso da zaman zuwa ƙarfe 9. Da azumi gara a tafi hutu, a ci gaba da saƙon murya ta WhatsApp.

Kayan aiki

Littafin rubutu mai faɗin layi guda ɗaya ga kowa, da sunansa da manyan baƙaƙe a bango. Biro mai santsi baƙi, ko siririyar maka, domin fensir yana bukatar dannawa kuma rubutunsa ba ya fita ga mai raunin gani. Ga wanda yatsunsa ba sa damƙa, a naɗa wa biron tsumma ko soso a ɗaure da salatif har kaurinsa ya kai na babban yatsa. Mai hannu ɗaya ba shi da abin danne takarda, sai a manne kusurwoyinta huɗu a tebur, ko a maƙale ta a faifan katako. Kwali babba da maka na jagora, agogon bango, mafici ɗaya, da waya mai ɗaukar murya. Duk abin da za a buga a raba musu, a yi shi da manyan haruffa, lamba 16 ko 18, layi biyar ko shida kawai a shafi.

Akwai abu biyu da ya kamata jagora ya fahimta game da ɓarin da ya shanye. A yawancin mutane cibiyar harshe tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kamar yadda likitan Faransa Paul Broca ya nuna tun a shekarun 1860, kuma ɓangaren hagun ne ke juya dama ta jiki. Shi ya sa wanda hannunsa na dama ya mutu sau da yawa shi ne kuma magana ta sarƙe masa, larurar da likitoci ke kira afeziya. Hankalinsa yana nan, kalmar ce ke ƙin fitowa. Irin wannan zai koma rubutu da hagu, kuma da yake mun taso ana kwaɓar bahago, dole jagora ya faɗa a gaban kowa tun ranar farko cewa larura ce, babu abin kunya. Ya fara da manyan baƙaƙe a kwali kafin ya koma layin littafi.

Wanda hagunsa ya shanye kuwa maganarsa kan fita sumul, amma wani lokaci ƙwaƙwalwarsa tana mance da duk abin da ke hagu. Zai cunkushe rubutu a gefen dama na shafi, ya karanta rabin layi. A ja jan layi mai kauri a gefen hagu, a ce masa kullum ya nemo jan layin kafin ya fara. Idan da ajami yake rubutu, matsalar a ƙarshen layi take faɗowa, sai a ce ya ci gaba har ya taɓo jan. Jagora ya lura da wanda aka zaunar a hagun mai wannan larurar, domin mai larurar zai iya wuni bai san da shi ba.

Kada a raina ajami. Abin da hannu ya koya tun yarinta a kan allo ya fi zama daram a kan abin da aka koya da girma. Wani sojan Rasha, Lev Zasetsky, harsashi ya same shi a ka a 1943 har ya kasa karatu. Likitansa Alexander Luria ya gano cewa idan ya saki hannunsa ya rubuta kalma gaba ɗaya ba tare da tsayawa tunanin kowane harafi ba, tana fitowa. Da haka ya rubuta shafi kusan 3,000 a cikin shekara 25. Idan mutum ya cije a kan harafi, a sa shi ya rubuta sunansa ko bisimilla a guje, sau da yawa hannun kan tuna abin da kai ya manta.

Yadda zama ɗaya ke tafiya

Minti goma na farko gaisuwa ce, kuma ba ɓata lokaci ba ne. Kowa ya faɗi sunansa a kowane zama, ko an yi wata shida tare, don kada mai mantuwa ya ji kunya. Jagora ya rubuta rana da kwanan wata a kwali.

Sai ɗumama baki da karin magana, minti goma. Jagora ya faɗi rabi su ƙarasa: “Komai nisan jifa...”, “Sannu ba ta hana zuwa...”. Maganar da baki ya saba, irin ƙirga da kwanakin mako da addu'o'i da karin magana, takan tsira ko da sauran magana ta sarƙe. Haka ma abin da ake rerawa, har a birnin Boston aka gina wata hanyar koyar da magana a kan rerawa a 1973. Mutumin da ya yi wata biyu bai haɗa jimla ba zai ji “ƙasa zai faɗo” ta fito daga bakinsa tare da na kowa, kuma wannan ne ke ba shi ƙarfin ɗaukar biro.

Rubutun kansa minti bakwai ne, sau biyu, da hutun minti goma a tsakani. Bakwai ɗin ba rowa ba ce. Gajiyar ƙwaƙwalwa daban take da ta jiki, takan sauko lokaci guda, kuma wanda aka matsa wa ya wuce iyakarsa zai iya kwana biyu yana biya da ciwon kai. Gara a tsaya suna son ƙari.

A nan ne ake yawan kuskure. Farar takarda da umarnin “rubuta duk abin da kake so” ita ce mafi wuyar abin da za a miƙa wa wanda goshin ƙwaƙwalwarsa ya bugu, domin nan ne wurin fara abu da tsara shi. Zai zauna yana kallon takarda, a ɗauka taurin kai ne ko lalaci. A ba shi abin da zai taɓa ya sansana: goro, daddawa, turaren wuta, ƙyallen shadda, tsohuwar hula. A rubuta farkon jimla a kwali ya ƙarasa: “Wannan ƙamshin ya kai ni gidan...”. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, a faɗe ta, a rubuta ta, a bar ta a gabansu.

Makonni huɗu na farko a tsaya a kan tsohon abu, saboda tsohuwar tunawa ta fi sabuwa tsira. Hanyar gidanku zuwa masallacin unguwa, abin da ake wucewa ɗaya bayan ɗaya. Hawan Daushe na farko da ka gani, a ina ka tsaya, wa ya ɗaga ka. Abu biyar da ake ji a Kurmi da safe. Wanda ya fi duka aiki shi ne sana'a: tela ya bayyana yadda ake yanka babbar riga, marini ya faɗi yadda ake haɗa baba da toka a karofi irin na Ƙofar Mata, uwargida ta rubuta yadda ake dambu tun daga tsakin. A wannan minti bakwai shi ne malami, sauran ɗalibai, kuma wataƙila rabonsa da a tambaye shi abin da ya sani tun kafin ya kwanta.

Daga mako na biyar a shigo da tatsuniya da kirari da waƙa. Tatsuniya tana da amfani na musamman: mutum zai iya sa Gizo ya faɗo daga kan kuka ya manta hanyar gida, ya faɗi duk abin da ke cinsa ba tare da ya ce “ni” ba. “Ga ta nan ga ta nanku” ta ba shi ƙofar shiga, “ƙurunƙus” ta ba shi ta fita. A waƙa a tsaya ga ƙwar biyu, kada a takura amsa-amo. Waƙar taro ta fi sauƙi: kowa ya kawo ɗango ɗaya, jagora ya jera a kwali, a zaɓi amshi a rera tare. Mai kalma biyu kacal shi ma ɗangonsa ya shiga. Sai can wajen mako na bakwai za a gwada tsarin layi uku, “Da ni ne...”, “Yanzu ni ne...”, “Abin da bai canza ba...”, kuma duk wanda ya ce a'a a ba shi wani batun ba tare da tambayar dalili ba.

Minti 25 na ƙarshe na karatu ne. Wanda mafici ke hannunsa shi ke da magana, minti uku. Zai iya karantawa da kansa, ko ya zaɓi wanda zai karanta masa, ko ya ce yau a wuce shi. Masu sauraro abu ɗaya za su yi: kowa ya maimaita kalma ko layin da ya zauna masa. Babu gyaran ƙa'idar rubutu, babu jan biro, babu “ai da ka ce”. Wa'azin haƙuri ma a ajiye shi, sun sha shi wurin 'yan dubiya.

Mai rubuta wa wani

Kusan rabin majalisar za su bukaci wanda zai riƙe musu biro, kuma a hannun wannan mutumin ne aikin ke gyaruwa ko lalacewa. Ya rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi. Idan Hajiya ta ce “ruwa, gida, babu ni”, haka zai sauka a takarda, kada ya mayar da shi “na yi kewar gidana lokacin damina”. Layin farkon nata ne, kuma ya fi ƙarfi. Idan ta tsaya, ya ƙirga goma a zuci a hankali kafin ya buɗe baki. Idan har ta nemi taimako, ya ba ta zaɓi biyu, “Hajiya, kasuwa kuke nufi ko asibiti?”, ko ya ce ta nuna da hannu ko ta zana. Ya karanta mata abin da ya rubuta, ya jira ta amince.

Gara a yi musaya: ɗan wannan ya rubuta wa wancan. Uba ba zai faɗi tsoronsa a kunnen ɗansa ba, mace ba za ta ce ta gaji da zama nauyi ba alhali mai jinyarta ce ke riƙe da biro. 'Yan uwa kuma sun riga sun saba ƙarasa masa magana. Ɗaliban sashen gashin ƙashi ko na Hausa na Jami'ar Bayero, da 'yan ƙungiyar marubuta ta Nijeriya (ANA) reshen Kano, wurare ne da ya dace a nemi masu sa kai, amma marubuci ya fi kowa bukatar kashedi, saboda hannunsa na ƙaiƙayin gyara jimla.

Abin da kan taso

Kuka iri biyu ne. Akwai na baƙin ciki, wanda ake bari ya fita. Akwai kuma kuka ko dariya da ke ɓarkewa ba tare da zuciya ta ji komai ba, saboda raunin ya taɓa abin da ke riƙe su. A tambayi mutum wanne ne. Idan na biyun ne, a ɗan dakata, a ja hankalinsa ga wani abu, a ci gaba kamar ba a yi ba, kuma a bayyana wa sauran cewa ba taɓin hankali ba ne, ba iska ba ce.

Wani zai maimaita kalma ɗaya layi bayan layi. Ƙwaƙwalwar ce ta maƙale. A karɓi biron a hankali, a yi hutun minti biyu, a buɗe sabon shafi. Wani zai ba da labarin da bai faru ba, ya ce jiya yana Legas alhali yana kan gado. Ba ƙarya yake yi ba, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin da ta rasa, musu kuma fushi kawai zai haifar. A karɓe shi a matsayin labari. Mai katse mutane ko sakin maganar da ba ta dace ba, a yi yarjejeniya da shi a keɓe a kan wata alama, kamar jagora ya dafa tebur, kada a tsawatar masa a gaban jama'a. Hamma, lumshe ido, dafe kai, rubutu ya fara karkacewa, saurin fushi, duk alamun gajiya ne, a kai shi inuwa ya huta ko da minti bakwai ba su cika ba.

Idan farfaɗiya ta kama wani, a kawar da kujeru, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo, a juya shi gefe idan jijjigar ta lafa. Kada a danne shi, kada a cusa cokali ko wani abu a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa. Idan ta wuce minti biyar ko ta dawo a jere, asibiti kai tsaye. Haka idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta rikice fiye da yadda aka saba: sabon bugun jini ne har sai likita ya ce ba shi ba ne, a nemi mota nan take. Kada a raba ruwa ko abin taɓawa sai an duba bayanan ziyarar farko, saboda masu ƙwarewa da masu suga.

Rubutu kan fito da abin da baki ya ɓoye. Idan wani ya rubuta cewa gara ya mutu, ko ya daina cin abinci da barci, jagora ya zauna da shi a ranar, ya tambaye shi kai tsaye, ya sanar da wanda ya fi amincewa da shi a gida, a kai shi ga likitansa ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Wannan kaɗai ne abin da ke fita daga majalisa ba da izini ba, kuma a faɗi hakan tun ranar farko.

Bayan mako takwas kowa ya zaɓi rubutu biyu. A buga, a naɗe takardar A4 biyu, shafi 16 ko 20, a yi fotokwafi 30, a gayyato iyalai karatun da bai wuce minti 40 ba. Kowa ya zaɓi ko sunansa za a sa ko laƙabi. Kafin a ɗora komai a Facebook a nemi izini, a jira mako guda a sake nema, domin raunin kan sa mutum saurin amincewa da abin da zai dame shi daga baya.

Wanda aka daina gani, kafin a ce ya gaji a bincika abu uku: ya manta ranar, babu kuɗin adaidaita, ko mai rako shi ya samu uzuri. Na farko ana maganinsa da kiran waya da yammacin jajibiri da kuma safiyar ranar, da kati manne a ƙofar ɗakinsa. Na biyu da ɗan asusu da haɗa 'yan unguwa ɗaya a adaidaita ɗaya. Idan jiki ne ya hana shi, mutum biyu daga majalisar su je gidansa da batun makon, a ɗauki muryarsa a waya, a kunna ta a zama na gaba lokacin da mafici ya iso kujerarsa.